Sunana Bai Fito a Bango Ba

Tun ranar da rezilta ta BAC, jarrabawar gama lise, ta fito, mutanen unguwarmu a Tawa suka ajiye sunana gefe. Lokotoro, shi ke nan. Inna ce ta fara, don ta ji ina cewa karatun likita nake so, a wurinta kuwa wanda ya ci BAC ya ce yana son abu, to ya riga ya samu. Kafin sati ya zagayo har mai shayin bakin titi ya ɗauka: "Lokotoro, a sa madara?" Ban hana kowa ba. In faɗi gaskiya, daɗi nake ji.

Ba kuma banza nake jin daɗin ba. A ƙasar nan tamu Nijar da wuya masu cin BAC su wuce kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka zauna, ni kuwa tun zagayen farko na haye, a seri D, ɓangaren kimiyya, da mwayen, wato matsakaicin maki, 12,6 cikin 20. SVT, wato kimiyyar halittu da ta ƙasa, na samu 15, fizik da shimi 13, lissafi ne ya ja mini ƙafa da 10. A lisenmu wannan maki ne na a nuna mutum da yatsa. Ban san cewa akwai wurin da 12,6 ba ya ko sa a ɗaga kai a dube ka ba.

Jami'ar da ke Tawa ba a nan ake koyon likitanci ba, sai mutum ya nufi Yamai ko Maraɗi ko Damagaram. Ina da kawu a Bukoki, mai sayar da katako da kwanon rufi a kasuwar Katako, saboda haka Yamai na zaɓa. Ƙofa uku na yi niyyar bugawa: makarantar gida, sai burs, wato tallafin karatu, na ƙasashen waje guda biyu, ɗaya ana kai takardu hannu da hannu, ɗaya ana cikewa ta intanet. Ba zan kama sunan ko ɗaya ba.

Haɗa dosiye kaɗai ya ci mini kwana goma sha biyu. Takardar haihuwa, takardar shaidar zama ɗan ƙasa, shaidar cin BAC, takardar maki, sakamakon aji uku na lise, hotuna, da wasiƙar neman shiga wadda dole da hannu za ka rubuta ka manna mata tambur. Kowace takarda sai an yi fotokopi, kowane fotokopi sai an kai shi an buga hatimi an sa hannu cewa daidai yake da na asali, kowane hatimi da kuɗinsa. Ka lissafa wannan sau uku. Baba yana da albasa a rudu a garinmu kusa da Tamaske, wadda ya ajiye tun girbi yana jiran ta yi daraja bayan damina. Buhu huɗu ya fitar ya sayar cikin watan Agusta. Yayana da ya tafi bida Abijan ya turo jika talatin, ya ce in sayi takalmi da ita, likita ba ya yawo da silifa.

Da asuba motarmu ta tashi, muka bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kilomita wajen 550, dosiyena cikin leda biyu a kan cinyata don tsoron ruwa. Ko fitsari na sauka da su nake sauka.

Wurin ajiye takardu taga ce mai ƙarafuna, layi ya miƙe daga bakinta har ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Na iso ƙarfe bakwai na tarar da mutum ya fi ɗari a gabana. Zabarmanci da Faransanci ke tashi ta ko'ina, da na buɗe baki na tambayi wani ko nan ne ƙarshen layi, sai ya yi murmushi ya ce, "Ba'adare, yaushe a gari?" Shi wannan karo na uku ke nan da yake kawo takardunsa. Ya san sunan kowane filanto, wato ɗan aiken ofis, ya san lokacin da ake rufe taga a tafi salla, ya san wace inuwa ce ba ta gushewa. A bayana akwai wata yarinya daga Doso, ba ta da yawan magana, mwayen ɗinta 14 da ɗoriya. Da na ji haka sai na mayar da takardar makina cikin leda.

A layin nan na ji fatawa iri-iri. Wani ya ce makin SVT ake ninkawa. Wani ya ce shekarun haihuwa ake fara dubawa, wanda ya girma an zubar da shi tun kafin a kai ga maki. Wani ya rantse cewa duk wannan wahalar banza ce, magana ta PAC ce, wato dangi da abokai da sanayya, in ba ka da kowa ka koma gida ka yi noma. Ni dai ban ga an ba kowa ko dala ba, kuma ba zan ɗora wa mutane abin da idona bai gani ba. Amma babu takarda ko guda a bango da ta ce ga yadda ake auna mu, ga kujeru nawa ake da su. Inda aka yi shiru kuwa kowa malami ne.

Sai bayan azahar na kai bakin taga. Matar da ke ciki ba ta ɗago ba. Ta lashi yatsa ta ƙirga takarduna kamar mai ƙirga kuɗi, ta rubuta lamba a bayan dosiyen da jan biro, ta yago mini ɗan guntun rasit, ta jefa dosiyen cikin wani kwalin sabulu da ke gefen ƙafarta. Buhu huɗun Baba ke nan ya faɗa kwalin sabulu. Na ce, "Hajiya, don Allah yaushe za a ji sakamako?"

"Za a liƙa."

"Wane wata, Hajiya?"

"Na ce za a liƙa. Na baya!"

Ban yi fushi da ita ba ko a lokacin. Fanka ba ta aiki a ɗakin, kuma tun safe tambayar nan ɗaya ake yi mata.

Ƙofa ta biyu haka ta kasance, taga da kwali da rasit. Ta uku ce ta bambanta, kuma ita ce har yau nake juyawa a raina in na kwanta. Kwana biyu na yi a wani shagon intanet ina cike fom, wuta ta ɗauke sau biyu na sake daga farko. Bayan sati uku saƙo ya shigo wayata cewa an zaɓe ni in zo a gana da ni baki da baki, nan cikin Yamai. Daren nan kawu ya sa aka yanka zabo.

Na je da rigar kawu mai dogon hannu, da takalmin kuɗin Abijan da ke cizona a dunduniya. Ɗaki ne mai sanyin na'ura, har haƙorana suna son haɗuwa. Mutum uku a bayan tebur, maza biyu da mace ɗaya, kowa da kwalbar ruwa, kujerata ita kaɗai a tsakiyar ɗaki, nesa da teburin, ba inda zan ajiye hannu. Na gaishe su yadda aka koya mini gaida manya, na ɗan rusuna, idona a ƙasa.

Tambayar farko ita ce wadda kowa ya san za a yi: me ya sa likitanci? Na haddace amsata tun a Tawa. Na ce ina so in taimaki ƙasata, likitoci sun yi mana kaɗan, mutanen karkara suna wahala. Dattijon da ke tsakiya ya bari na gama, sannan ya ce cikin ruwan sanyi, ni ne na tara da ya faɗa masa haka tun safe. Ya ce, "Kai fa? Kai kanka, me ya kawo ka?"

Ina da amsa. Ƙanwata tana da amosanin jini. Tun ina aji shida ni ke goya ta zuwa likita cikin dare in ciwon ya tashi, musamman lokacin ɗari, tana ihu tana cewa ƙasusuwanta ake sara. Na san yadda idonta ke yin rawaya kafin abin ya zo. Na san majo guda, ma'aikacin jinya, da ke kwana shi kaɗai da mutum talatin a baranda, yana neman jijiya da fitilar waya a baki. Na taɓa zuwa har wurin mahauta ina roƙon wanda zai ba da jini. Duk wannan yana bakina. Amma ta yaya zan kwance ciwon ƙanwata a gaban baƙi uku don a ba ni kujera? A gidanmu ko maƙwabta ba a faɗa wa sunan ciwon, saboda ranar da za a zo neman aurenta. An kuma raine mu da cewa yabon kai jahilci ne. Sai na sake maimaita maganar taimakon ƙasa da wasu kalmomi. Dattijon ya rubuta wani abu gajere.

Na biyun ya yi mini tambayar ilimi, kuma ikon Allah, a kan wannan ciwon ya yi ta: in uwa da uba duka AS ne, wato suna ɗauke da gadon ciwon amma ba sa fama da shi, mene ne rabon ɗansu? Na ce kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zama SS mai ciwon, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu AA wanda bai gaji komai ba, kuma ciki ba ya tuna na gabansa, ana iya jera SS uku a gida ɗaya. Na yi bayanin yadda ƙwayar jinin ke lanƙwashewa kamar lauje in iska ta yi mata ƙaranci, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, daga nan zafin ke zuwa. Ya gyaɗa kai, ya ce na karanta darasina da kyau. Bai san ba a littafi na fara karanta shi ba, ni kuma ban faɗa ba.

Matar ce ta ƙarshe. Ta jera takarduna uku a gabanta, ta ce, "A nan Mahaman, a nan Mahamane, a nan kuma Mamane. Wanne ne kai?" Na yi ƴar dariya na ce duka ni ne. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki fensir ta yi zagaye a kan ɗaya. Minti goma sha ɗaya na yi a ɗakin, na duba agogon bango da zan fita.

Daga baya wani ɗalibi da ya taɓa samun irin wannan burs ya ce mini labarin ƙanwata shi ne ainihin abin da suke jira. A wurinsu wanda ya kalle su cikin ido ya ba da labarin kansa shi ne mai himma, wanda ya sunkuyar da kai ba shi da abin faɗa. Ladabin da aka yi shekara goma sha tara ana dasa mini, a ɗakin nan aibi ya zama. Har yau ban yanke wa kaina hukunci ba ko da na sani zan faɗa.

Sai jira. Satumba ta wuce, Oktoba ta shiga. Da safe in taya kawu jera katako, da hantsi in tafi duba bango, in tarar da tsofaffin sanarwa da ruwa ya wanke, in dawo. Kuɗin taksi ya ƙare na koma faba-faba, na faba-faba ya ƙare na koma ƙafa. Kowace Juma'a Inna ta kira: "Lokotoro, an fara karatun?" In ce saura kaɗan.

Wani dare wajen ƙarfe goma hoton lis ya fara yawo a WhatsApp, dishi-dishi, an ɗauka da hannu mai rawa. Ban yi barci ba. Da na isa da sassafe mutane sun riga sun rufe bangon, wasu a kan kafaɗar wasu. Takardu ne farare manne da salatif, sunaye a jere, ba maki, ba bayani. Na kutsa na sa yatsa na bi layi-layi. Na neme ni a Mahaman, na neme ni a Mahamane, na neme ni a Mamane. Na koma na bi ta sunan Baba. Sau huɗu na sauka daga sama har ƙasa, har wani ya ce, "Malam, in ba ka ciki ka ba mu wuri."

Yarinyar Doso tana ciki. Na gan ta tsugune a gindin bedi tana kuka a waya, na yi mata barka da hannu daga nesa. Abokina mai karo uku ba ya ciki. Dariya ya yi, ya dafa ni ya ce, "Ba'adare, sai baɗi." Wannan dariyar ta fi komai tsorata ni.

Babu wanda ya ce mini an ƙi ni. Ba wasiƙa, ba kira, ba ko lis na waɗanda ba a ɗauka ba. Rashin ganin sunanka shi ne amsarka, kai za ka karanta wa kanka ita. Saboda haka ma na ƙara sati biyu ina zuwa, don an ce wataƙila a liƙa lis na biyu.

Baba na kira da la'asar. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke, sannan ya ce, "To. Allah shi sa haka shi ne alheri. Ka ci wani abu yau?" Bai ambaci albasa ba, har yau bai ambata ba.

Amsar masu ganawa ta zo ta imel, layi uku. "Ya kai mai nema," ko sunana babu, ko ɗaya daga cikin ukun. Sun gode, masu nema sun yi yawa, suna yi mini fatan alheri, kuma kada in amsa wannan saƙo.

Ƙofa ta biyu kuwa ko tari ba ta yi ba. Cikin Nuwamba na je karɓo takarduna, don hatiman da ke kansu kuɗi ne. Wani tsohon filanto, mutumin Madawa, ya ji harshena ya tausaya, ya buɗe mini wani ɗaki da kwalaye suka kai rufi, ya ce, "Ɗana, nemi naka, amma kar ka daɗe." Ƙura da kashin ɓera. Na fi awa ina ɗaga rayuwar mutane ina ajiyewa, hotunan fuskoki duk an sha wanka an yi tsaf. Da na samu nawa, a kusurwar sama an rubuta kalma biyu na Faransanci da fensir, ma'anarsu takardu ba su dace da juna ba, an ja layi ƙarƙashin sunana. Ashe dosiyen nan ko teburin kwamiti bai kai ba. Wata uku ina addu'a a kan takardar da aka ajiye gefe tun makon farko saboda harafi ɗaya.

Asalin abin ba wuya. A ƙauye aka haife ni, ba a yi mini takarda ba sai da zan shiga lakwal, aka je gaban alƙali da shaidu biyu aka yi ta, shi ya sa ma ranar haihuwata 1 ga Janairu ce kamar ta rabin ajinmu. Magatakarda ya rubuta yadda ya ji. Mushen da ya ɗauke mu aji ɗaya ya rubuta yadda shi ma ya ji. Na lise ya ƙara nasa. Shekara goma sha uku ina cin jarrabawa da sunaye uku ba wanda ya tanka.

Akwai wani tsohon likita da ke sayen katako wurin kawu, yana gini a bayan gari. Kawu ya ba shi labarina, ya sa aka kira ni, muka zauna a kan benci. Ya ce shi ma ya taɓa zama cikin masu tantancewa shekarun baya. Ya ce, "Yaro, ba mu ganinku. Jadawali muke gani, suna da maki da shekara. A jera daga babba zuwa ƙarami, a ƙirga kujeru, a ja layi. Wanda ke ƙarƙashin layin da ɗigo ɗaya bai fi na samansa rashin ƙwaƙwalwa ba, mu ma mun sani." Ya ce likitanci ba kamar sauran karatu ba ne da za a ƙara benci a ce an ƙara ɗalibai. Shekara bakwai zuwa takwas ne, kuma daga tsakiya a gefen gadon majiyyaci ake koyonsa. In ɗalibi arba'in suka kewaye gado ɗaya, na baya bai ga komai ba, mara lafiya kuma ya zama abin kallo. Ya ce ko Faransa tun 1971 ta kafa iyakar yawan masu wucewa aji biyu na likitanci, ba ta sauya tsarin ba sai 2020, ɗalibai su shekara suna karatu kamar za su mutu a zubar da mafi yawansu. A Najeriya JAMB ce, jarrabawar shiga jami'a mai maki 400, kuma likitanci na cikin masu neman mafi tsada. A Amurka sai ka yi digiri na farko ka kuma zauna wata jarrabawa mai suna MCAT kafin ka shiga makarantar likitanci.

Na ce, "Ranka shi daɗe, na yarda da layin. Amma me zai hana a faɗa mana inda aka ja shi?"

Ya ce ma'aikata ba su da yawa, dosiye dubbai ne.

Ban ja da shi ba, babba ne. Amma a raina ban karɓa ba, har yanzu kuma ban karɓa ba. Wanda ya iya liƙa sunaye zai iya ƙara layi ɗaya a ƙasa: makin ƙarshe da aka ɗauka kaza ne. Da na ga 14 na san 12,6 ba ta kai ba, in kama wata hanya tun Oktoba, abokina ma da bai kashe shekara uku a gindin bedi ba. Wanda ya iya rubuta kalma biyu da fensir zai iya faɗa mini su a bakin taga ranar da na kawo, in hau mota in gyaro cikin sati. Ƙasar da ba ta da likita ɗaya ga kowane mutum 10,000 tana da ikon ta ce ba ta da kujerar kowa, wannan talauci ne, ba laifi ba. Barin yaro ya yi ta zarya wurin bango da takalmi mai cizo, wannan ba talauci ya kawo shi ba.

Na yi rajista a sashen kimiyyar halittu don kada shekarar ta tafi a banza, da niyyar in sake ajiye dosiye. Hutun farko na koma Tawa don gyaran suna. Mai shayi ya hango ni ya ɗaga murya, "Lokotoro ya sauka!" Na ɗaga masa hannu na wuce.

Ni da Baba muka je gidan shari'a neman takardar da ke shaida cewa sunayen nan uku mutum ɗaya ne. Magatakardan ya baza takardun, ya dubi Baba ya ce, "Alhaji, wanne ne na gaskiya a ciki?" Baba bai yi boko ba. Ya karɓi biron mutumin, ya jawo wata tsohuwar ambulan, ya rubuta daga dama zuwa hagu, harafi huɗu, mim da ha da mim da dal. Ya tura masa ya ce, "Wanga shi liman ya raɗa ranar suna, da rago. Sauran ku kuka rubuta abinku."

Magatakardan ya dubi ambulan ɗin, ya yi murmushi, ya ce wannan ba ya shiga fom. Ya ce mu zaɓi ɗaya cikin ukun. Na zaɓi na takardar haihuwa. Ya ce mu dawo Laraba da shaidu biyu da tambur.